Na Uku Daga Dama

Shagon Mai Hoto yana can ƙarshen layin masu gyare-gyare, tsakanin Mai Agogo da wani ɗaki da aka daɗe da rufewa. Wanda bai sani ba zai wuce shi, don rana ta cinye rubutun allon da ke saman ƙofa, shi kuma bai ga dalilin sake wani ba. A da har layi ake yi a bakin ƙofar nan, masu neman aiki da masu sabon jariri da masu sabuwar riga. Yanzu kowa da kyamararsa a aljihu, sai matattu suka rage masa. Mutum ya kawo tsohon hoto da ya koɗe, ko ruwa ya taɓa, ko gara ta ci gefensa, ya ce a ciro masa fuskar wane, a ƙara mata girma, a sa a gilashi. Shi kuma ya karɓa, ya ɗauki hoton hoton, ya shiga ɗakin duhu ya ja labule.

Ya tsufa a cikin wannan aiki. Yatsunsa sun rine da ruwan wankin hoto, bayansa ya saba da sunkuyo har ba ya miƙewa sosai, kuma in ya fito daga jan ƙwan fitilar ɗakin duhu sai ya daɗe yana ƙifta ido kafin ya gane wanda ke tsaye. Ba shi da yawan magana. Abin da aka fi saninsa da shi, bayan aiki, kunnuwansa ne: manya, a buɗe, kamar an manta ba a naɗe su ba. Mai Agogo, wanda suka tsufa tare bango ɗaya, ba ya kiransa da komai sai Kunnuwa.

"Kunnuwa, ka tashi daga bakin ƙofa, ka tare min iska."

"Kai da ka shekara kana gyara wa mutane lokaci, naka ya ƙare ba ka sani ba."

Haka suke gaisawa.

Akwai abu ɗaya da ke cin Mai Hoto, kuma Mai Agogo kaɗai ya sani. Bai tabbata fuskar da yake yi wa addu'a tun yana yaro ta mahaifinsa ba ce.

Yana goye aka tafi da mahaifin yaƙi. Bai dawo ba. Bayan an gama, wani soja mai ɗingishi ya zo ƙofar gidansu da ƙaramin gwangwani. A ciki akwai cokali, da maɓallai na ƙarfe, da hoto guda: sojoji layi uku, na gaba a zaune, na tsakiya da na baya a tsaye, kowa an aske shi, kowa ya rame, kowa da hula iri ɗaya, fuskokin kuwa ba su fi ƙwayar wake ba. Sojan bai zauna ba, yana da wasu gidajen da zai kai wa nasu gwangwanin. Daga tsaye ya ce, "Layin baya, na uku daga dama." Ya yi ta'aziyya ya wuce, ba a sake ganinsa ba.

Da yaron ya yi wayo, uwar ta zaunar da shi, ta ɗora yatsansa a kan hoton, suka ƙirga tare daga hannun dama. Ɗaya, biyu, uku. Yatsa ya sauka kan wani dogon mutum mai wushirya, shi kaɗai ke dariya a duk layin, shi kaɗai haske ya kama fuskarsa sosai.

"Ga babanka," in ji ta. "Zomo suke ce masa a can."

"Don me, Inna?"

Ta ce, "Don gudu. Babu mai kamo shi."

Saboda hoton nan ya shiga sana'ar. Ya so ya ga fuskar da girmanta. Ya yi wa wani tsohon mai hoto shara da ɗebo ruwa har aka yarda ya taɓa injin, kuma aikinsa na farko da hannunsa shi ne mai wushirya, ya fitar da shi kamar faɗin littafi, ya cike inda ya dushe da bakin fensir, ya kai wa uwar. Ta karɓa ta duba. Ta ce, "Ka iya aiki." Aka rataye shi a ɗakinta, tana goge masa ƙura kamar yadda take goge sauran kayan ɗaki. Ƙaramin hoton kuwa, na asali, ba ta ƙara yarda ya bar gwangwani ba. Yana ƙarƙashin matashinta har ta rasu.

Ya yi aure, ya buɗe nasa shagon, ya haifi 'ya'ya suna nuna wa ƙawayensu kakansu mai dariya. Sai wata rana wani magidanci ya shigo da hoto a naɗe cikin hankici. Hoton nan ne dai, don ashe kowane soja an wanke masa nasa. Mutumin ya ɗora yatsa kan mai wushirya ya ce, "Mahaifina. A fitar min da shi."

Mai Hoto ya dubi hoton, ya dubi mutumin. Ya ce, "Wa ya nuna maka?"

"Kakata. Ta ce duk layin ba mai kyansa, to shi ne ɗanta."

Ya yi masa aikin. Bai ma sha wahala ba, fim ɗin fuskar yana ajiye a akwati. Bayan wasu shekaru wata mata ta zo, ita wanta ne. Daga baya wasu tagwaye, su kawunsu ne. Kowa ya zo da hoton nan, yatsansa ya yi ta yawo a kan ƙananan fuskoki, sai ya huta kan wanda ke dariya. Mai Hoto bai taɓa ce wa kowa komai ba. Me zai ce? Shi ma shaidarsa ba ta fi tasu ba, maganar wani mai ɗingishi ce da aka faɗa daga tsaye.

"Babanka fa ya yi ƙoƙari," in ji Mai Agogo wata rana. "Yana bakin daga, yana haihuwa a gari huɗu."

"Ka bar maganar nan."

"Na bari. Amma kai ma ka duba madubi. Ina wushiryar? Ina tsawon? Kai dai kunne aka ba ka aka ce je ka."

"Kama da wane ba ta wane. Rashin kama ma haka."

Ya faɗa ne don a rufe zancen, amma a ɗakin duhu, duk lokacin da fuskar ta fara tasowa daga cikin ruwa, haƙoran ne ke fara fitowa, sai ya ji kamar dariyar da shi ake yi. Shekaru suka yi ta tafiya. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse inda abinci ya kai su. Ya daina sa ran zai sani. Waɗanda suka sani duk sun bi juna.

A shekarar da ya fara maganar rufe shagon, wata safiya mata biyu suka shigo. Ɗaya tsohuwa ce ƙwarai, ta girme shi, idanunta sun yi fari-fari, tana riƙe da hannun ɗayar. Ɗayar 'yarta ce, malamar asibiti, da alama daga wurin aiki ta biyo, tana ta duba agogon hannunta.

"Baba, sannu da aiki. Inna ce ta matsa sai an fitar mata da babanta. An ce idon nata ba zai ƙara gyaruwa ba, tana so ta gan shi babba tun da sauran gani."

Ta zaro hoton daga jaka. Tun kafin ta ajiye ya gane shi. Ya ja numfashi, ya tura wa tsohuwar kujera, zuciyarsa ta riga ta tafi akwatin da fim ɗin yake.

"Wanne ne, baiwar Allah?"

Tsohuwar ba ta kai hoton kusa da ido ba. Ta shimfiɗa shi kan teburi, ta lalubi gefensa da yatsa har ta sami kusurwa, sannan ta fara, da wata murya kamar ta yara masu hadda.

"Layin gaba. Saje. Mai Busa. Ƙaramin Kofur. Ba-Ka-Wanka."

"Inna, ba a ce ki karanto su duka ba."

"Ke, ki bar ni. In ban bi ta kansu ba, ba na isa wurinsa. Haka ya koya min." Ta juyo wajen Mai Hoto. "Babana ya dawo, ɗan'uwa. Ya dawo da tari da rashin barci, amma ya dawo. Kullum in ya ci abinci sai ya ɗauko hoton nan ya kama yatsana, mu gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ba a kiran sunan mutum, ya mutu sau biyu. Ni kaɗai na riƙe, ƙannena duk sun yi ta gudu."

Ta koma layin tsakiya. Yatsan ya tsaya kan wani ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda ya ɗan karkata kai gefe. "Ga shi. Bango. Babana ke nan."

Mai Hoto ya ga ba mai wushirya ba ne, ya ji wani abu ya sake shi. Sai kuma wani abin ya kama shi, wanda ya fi na farko nauyi. Ga wadda ta san sunayen a zaune a gabansa, kuma 'yarta ta riga ta rataya jaka. Mutum yakan shekara yana neman abu, ranar da ya gan shi kuma ya ji tsoron miƙa hannu. Ya ɗauki gilashin ƙara girma ya goge shi da bakin riga, ya sake gogewa.

"Yaya," ya ce a hankali, "na bayan fa? Kin san su?"

"Ka ji mai hankali," ta ce wa 'yar. "Layin baya, daga dama."

Ta kai yatsa can gefen hagu na takardar.

"Ai nan hagu ne, Yaya."

Ta yi dariya har da tari. "Haka ni ma na ce masa ina yarinya, ya ja min kumatu. Ya ce soja damarsa yake ƙirgawa, ba damar mai kallo ba. Su da suke tsaye suna fuskantarka, nan ne damarsu. To, saurara. Dogon Yaro. Mai Tari. Zomo."

Yatsan yana bayan kan Bango. A wurin babu fuska. Kan ƙaton ya rufe ta gaba ɗaya, sai gefen hula, da kunne guda, babba, a buɗe, ya leƙo ta bayan kafaɗa.

Mai Agogo ya zo tun ɗazu ya jingina da ƙofa, kamar yadda yake yi in ya ji baƙi.

"Zomo," in ji Mai Hoto. "Don gudu ke nan."

"Wane gudu? Babana ya ce in ana tafiya shi ne na ƙarshe, kullum takalmi na cinsa. Don kunne dai. Wai in ya juya baya ga rana, har jijiyoyin ake gani." Ta shafa wurin da yatsa. "Abokinsa ne na kusa, bargo ɗaya suke rufa. Ranar hoton nan babana ya tsokane shi, mai hoto na cewa kar a motsa, shi kuma ya karkato kai ya rufe shi. Suka yi ta dariya. Ya ce masa in an koma gida a yi wani, su biyu. To, ba a koma ba. Har babana ya kwanta ciwon ajali yana cewa, na cinye wa Zomo hotonsa, ga shi an ce ya bar jariri, ban san ƙofar gidansu ba."

"Wannan fa?" Ya nuna mai wushirya.

Ta ƙirga ta isa wurin. "Wushirya. Mai dafa musu abinci. Wannan ba uwa ba uba, ba mata ba ɗa. In ana rabon wasiƙu sai ya zauna kusa da wanda aka aiko wa, ya ce a karanta da ƙarfi shi ma ya ji gida. Shi ma can ya kwanta."

'Yar ta sake duba agogo. "Baba, yaushe za mu dawo? Kuma don Allah in za ka fitar da shi, ka goge wannan kunnen na baya. Sai ka ga kamar kakana kunne uku gare shi."

"Kul," in ji tsohuwar. "A bar masa abin da ya rage masa."

Suka tafi. Mai Agogo ya shigo ya zauna a kujerar da ta tashi, abin da bai saba ba, ya yi ta juya wani ƙaramin sukurudireba a hannu. Can ya ce, "In kawo maka shayi?" Bai ce Kunnuwa ba. Mai Hoto ya girgiza kai, ya rufe shagon tun rana na tsaka, ya tafi gida.

Gwangwanin yana cikin akwatin kayan uwar. Ya daɗe bai buɗe shi ba. Ya fito da hoton bakin taga, ya ɗora gilashi a kan layin baya, ɓangaren da bai taɓa tsayawa ya duba ba. A nasu hoton babu kunnen. Wurin ya goge, ya yi fari, ƙyallin takardar ya tafi, daidai faɗin kan yatsa. Ya san da tabon tun yana saurayi, ya ɗauka wurin riƙo ne. Amma ba a riƙe hoto ta tsakiya.

Ya zauna a bakin gado. Ya tuna ko sau ɗaya uwar ba ta taɓa ja masa kunne ba, duk rashin jinsa. In ya yi laifi sai dai ta doke shi a hannu. In kuma zazzaɓi ya kama shi, takan zauna ta riƙe kunnen tsakanin yatsu biyu har ya yi barci. Yaro ya tambaya ina babansa, mace tana da kunne guda a hannu ɗaya da cikakkiyar fuska mai dariya a ɗaya hannun. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Wushirya yana nan yana dariyarsa.

Aikin Bango bai ba shi wuya ba. Na kunnen, wanda ya yi wa kansa, shi ne ya cinye masa kwanaki, don abu ƙarami in aka matsa masa girma sai ya watse ya zama ɗigo-ɗigo. Ya ɓata takardu da yawa. Bai taɓa shi da fensir ba, ko kaɗan. Abin da ya fito a ƙarshe, gefen hula ne, da kunne, da wani yanki na kafaɗar Bango da ba yadda za a yi a raba su.

Ranar da suka dawo, tsohuwar ta rungume firam ɗin, ta kai shi har kan hancinta, ta yi ta kallo. "Shi ne. Har da taurin kan." Ta lalubi gefe. "Ka bar Zomo?"

"Na bar shi."

"Hajiya," in ji Mai Agogo daga ƙofa, "ki tambaye shi mana ɗan wa ye. Shi ba zai faɗa ba sai an rufe shagon."

'Yar ta dubi hoton, ta dubi Mai Hoto, ta sa hannu ta rufe baki.

"Matso," in ji tsohuwar. "Ido ba zai yi min ba."

Ya sunkuya, bayan ma ya saba. Ta kai hannu ta sami kunnen, ta bi shi daga sama har ƙasa da yatsu masu sanyi. Ta daɗe.

"To," ta ce. "Saƙo ya yi latti, amma ga shi. A yafe wa Bango."

"An yafe, Yaya. Wasa ne ai."

"Wasa ne," ta ce, ta saki kunnen. "Duk yara ne fa a lokacin. 'Yata ta girme su yanzu."

Da suka fita, Mai Agogo ya ce, "Sauran gidajen fa? Masu Wushirya?"

"A bar su."

"Ba nasu ba ne."

"Shi ma ba na kowa ba ne. Ya so ya ji gida. Ga shi ana goge masa ƙura a gida huɗu, ana yi masa addu'a. Ni zan je in ce a sauke shi?"

Da yamma a gida ya nemi ƙusa ya rasa, sai da ya ciro wadda kalanda ke rataye. Ya hau kujera da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya buga ta a gefen tsohon firam ɗin. Ya sauko ya ja baya ya duba. Ashe a hannun dama ya rataye hoton kunnen, sai ya tsaya yana tunani, damar wa. Ya ga ba zai iya sake hawa kujerar ba yau. Ya bar shi a inda yake, ya ɗauki tsumma ya goge su duka biyun.